Ina so in mayar da benena na Badagry ƙaramin otal na zamani: me zan fara kashe wa kuɗi?

Tambayar ta fito ne daga wani Alhaji ɗan kasuwa mazaunin Agege. Ya sayi bene hawa ɗaya a Badagry, ba nisa da bakin ruwa, yana so ya mayar da shi otal mai ɗakuna 12, irin ƙananan nan masu tsari da ƙawa da masu yawon buɗe ido ke nema. Har ya fara magana da mai ƙawata ɗakuna. Yana son sanin abin da zai fara sa wa kuɗi, sannan ba ya son sayar da giya, yana tsoron kada hakan ya kashe masa kasuwa.

Alhaji, Allah ya sanya albarka a wannan niyya. Shawarata ta farko ita ce ka ce wa mai ƙawata ɗakunan ya dakata tukuna. Aikinsa shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi sauƙin gyarawa idan an yi kuskure. Abin da ke durƙusar da ƙaramin otal a gaɓar tekun Legas abubuwa ne da hoto ba ya nunawa: danshi, ruwan famfo, masai, wutar lantarki, da kuma ɗakunan da ke zama fayau daga Litinin zuwa Alhamis. Baƙo yana biyan kuɗin farko ne saboda hoton da ya gani a waya. Ko zai dawo, ko zai turo wani, wannan ya rataya ne ga ko ya yi barci mai daɗi ya kuma yi wanka da ruwa mai tsabta.

Kafin a taɓa bulo ko ɗaya, zauna ka yi lissafin wanda zai kwana. Badagry tana da abin kallo na gaske: benen da mishan suka kammala a 1845 wanda ake kira bene na farko a Najeriya, gidan tarihin da ke cikin tsohon ofishin mulkin mallaka na 1863, kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, kayan tarihin gidan Mobee, wurin kasuwar bayi ta Vlekete, da tsallaka ruwa zuwa Gberefu inda ake taka hanyar da bayi suka bi zuwa bakin teku. Sai dai duk waɗannan mutum na iya zagaye su a yini guda. Motocin ɗalibai suna zuwa da hantsi su juya kafin la'asar, ba su kwana ba, ba su ci abincinka ba. Masu kwana su ne 'yan Legas da ke gudun hayaniya a ƙarshen mako, da baƙaƙen fata 'yan Amurka, Burazil da tsibiran Karibiyan masu zuwa neman tushe, da cunkoson Disamba lokacin da 'yan ƙasar waje ke dawowa gida.

Ga lissafin a fili. Ɗaki 12 sau kwana 30 ya ba ka kwanan ɗaki 360 a wata. A ce kowane daren Juma'a da Asabar ka cika ɗaki 10, dare takwas ke nan, ka samu 80. Sauran darare 22 ɗaki biyu-biyu, 44. Jimla 124, wato kashi 34 cikin ɗari. A ce kana sayar da ɗaki naira 60,000, ka tashi da naira miliyan 7.4 da ɗoriya, daga ciki za a fitar da dizal, albashi, haraji, wanki, kamashon shafukan kama ɗaki da gyare-gyare. Canza farashin yadda ka ga dama, siffar matsalar ba ta canzawa: ribarka tana cikin dararen tsakiyar mako. Idan ka ɗaga su daga ɗaki biyu zuwa biyar, ka ƙara kwana 66 ba tare da ka ƙara ma'aikaci ba.

Su wa za su cika tsakiyar makon? Kwalejin horar da ma'aikata ta ASCON tana Topo, cibiyar koyon Faransanci ta ƙasa tana Ajara, masana'antun Agbara suna kan hanya, iyakar Seme kuma tana gaba kaɗan, inda 'yan kasuwa, da yawansu mutanenmu ne, ke shiga Kwatano su fito. Ga kamfanonin Ikeja da Victoria Island masu fitar da manajojinsu taron kwana biyu. Dukansu abin da suke so ɗaya ne: tebur na aiki a ɗaki, intanet mai ƙarfi, rasit na kamfani, wurin ajiye mota mai tsaro, da zauren da zai ɗauki mutum 20 zuwa 25. Saboda haka da ni ne, zan haƙura da ɗaki biyu na ƙasa in haɗe su su zama zauren taro da cin abinci, in buɗe da ɗaki 10. Wurin ninkaya kuwa a bar shi sai shekara ta biyu, don yana cin wuta da magani kullum ko da mai shiga ko babu.

Takardu ba sa buƙatar dogon bayani, sai dai kada a tsallake su. Lauya ya tabbatar da takardar filin da amincewar gwamna kan cinikin. Gidan zama ba ya zama otal sai hukumar ba da izinin gini ta jihar Legas, LASPPPA, ta ba da izinin sauya amfani, hukumar LASBCA kuma ita ke duba aikin ginin. A tambayi tazarar da doka ta gindaya daga bakin ruwa tun yanzu, kada a gina abin da za a zo a shafa wa jan fenti don a rushe. Sai rajistar kamfani a CAC, lasisin otal daga ma'aikatar yawon buɗe ido ta jiha, takardar hukumar kashe gobara, izinin allon talla daga LASAA, da yarjejeniyar kwashe shara da masu aiki ƙarƙashin LAWMA. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2013, lasisin otal a hannun jiha yake.

Daga nan sai injiniyan gini, na gaske mai rajista, ba birkila ba. Gidan da aka zana wa banɗaki huɗu za a cusa masa goma sha wani abu, kowanne da sabon bango, da tayil, da bututu. Bangon bulo da aka ɗora a tsakiyar dakin, wato daɓen kankaren bene, inda babu bim a ƙarƙashi yana tsaga shi sannu a hankali. Injiniya ya gwada ƙarfin kankaren, ya duba ko rodi ya fara tsatsa, domin a bakin teku rodi kan kumbura ya fasa kankare daga ciki. Alamarsa tsaga mai bin tsawon ginshiƙi da jan ruwa yana tsattsafowa. A jera banɗakunan sama daidai kan na ƙasa, baya da baya, bututu su bi rami ɗaya mai ƙofar dubawa daga baranda, yadda mai aikin famfo zai gyara ba sai ya shiga ɗakin baƙo ba. Tankunan ruwa kuma su hau hasumiyarsu daban: lita 5,000 tan biyar ce.

Yanzu ga babban abokin gaba, danshi da gishiri. Wanda ya saba da ginin Kano ko Katsina yakan raina wannan, don can bango na bushewa da kansa. A Badagry ana ruwa daga wajen Afrilu har Oktoba, Yuni ya fi tsanani, iskar kuma a jiƙe take kusan duk shekara, tana ɗauke da gishirin teku. Shiga gidan ka duba bangon ƙasa daga daɓe zuwa tsayin ƙugu. Idan fenti ya yi bororo, ko ka shafa ka ga farin gari kamar kanwa a hannunka, ruwa ne ke hawa bangon daga ƙasa, ko kuma an yi filasta da yashin bakin teku mai gishiri. Abin da yawancin masu gyara ke yi shi ne su lulluɓe wurin da tayil. Ruwan ba ya tafiya ko'ina, sai ya haura sama da tayil ɗin ya fito a can. Gyaran gaskiya shi ne a sassaƙe filastar har santimita 30 sama da inda tabon ya tsaya, a bar bulon ya sha iska, a yi maganin hana ruwa hawa a gindin bangon, a sake filasta da wankakken yashi da sinadarin hana ruwa, sannan a gyara waje: indararo ya zuba a kwata, daɓen tsakar gida ya gangara nesa da bango, kada a dasa fulawa manne da gini.

Duk ƙarfen da zai ga iska, mariƙin ƙofa, maƙalan taga, dogarin baranda, har kusoshi, a nemi sitenles, ƙarfen nan mai jure tsatsa, mai lamba 316. Mai lamba 304, wanda ya fi yawa a kasuwa, yakan fara ɗigon tsatsa a bakin teku, baƙin ƙarfe mai fenti kuwa ba a maganarsa. Tagogi na alminiyam mai rufin fenti na gashi ko na roba mai kauri. Kan na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, da ke waje shi ne abin da gishiri ke fara ci: a sayi mai rufin kariya a jikin siraran ƙarafunansa, a kafa shi a gefen da iskar teku ba ta bugawa kai tsaye, a riƙa wanke shi da ruwan daɗi duk wata. Kabad da gado kada a yi su da katakon garin nan da ake matsewa, yana shan laima ya kumbura ya ruguje a gindi. Katako na gaske busasshe, ko falankin da ake yi wa jirgin ruwa. Kafet daga bango zuwa bango da takardar manna wa bango, duk a manta da su. Maimakon kabad mai rufe, a yi buɗaɗɗen wurin rataye kaya; ya fi kyau a ido kuma ba ya tara wari.

Akwai kuskure ɗaya da masu kuɗi suka fi yi: sayen esi mai girma fiye da ɗakin, wai don ya yi sanyi sosai. Babban esi yana sanyaya ɗaki cikin minti kaɗan ya tsaya, bai samu lokacin tsotse laimar da ke cikin iska ba, sai ɗaki ya yi sanyi amma zanin gado na da danshi, funfuna ta fito a bayan labule. Ɗaki mai murabba'in mita 20 zuwa 25, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi irin na inbata ya ishe shi. Ɗakin da babu kowa kuma kada a kulle shi mako guda. Kullum a buɗe shi ya sha iska, ko a kunna esi awa ɗaya a kan yanayin busar da iska, mai alamar ɗigon ruwa a rimot. A zuba ruwa a magudanar daɓen banɗaki sau ɗaya a mako, domin ruwan da ke kwance a gwiwar bututun shi ke tare warin masai. In ya ƙafe, baƙon Juma'a da wari zai fara gaisawa.

Ruwa. Kada ka sayi kowace na'urar tacewa sai ka kai ruwan rijiyar burtsatsen ɗakin gwaji, sau ɗaya da damina, sau ɗaya da rani. Matsala biyu ake samu a wannan yanki. Ta farko sinadarin ƙarfe: ruwa ya fito garau, ka bar shi a bokiti zuwa safe ka tarar ya yi ja. Shi ke ɓata farin tawul da kwanon wanke hannu, kuma idan mai wanki ya zuba bilic don ya gyara, tabon ƙara kamawa yake yi. Maganinsa a watsa ruwan ya sha iska a tanki na farko, ya kwanta, ya bi ta matatar yashi, sannan ta gawayi, a riƙa wanke matatun ta baya a kan lokaci. Ta biyu zartsi. Yashi da gawayi ba sa cire gishiri ko kaɗan, sai na'urar da ke matsa ruwa ta cikin fata mai ƙananan ƙofofi, wadda ake kira RO, ita kuma tana zubar da kusan rabin ruwan da ta sha ko fiye, ga cin wuta. In zartsin kaɗan ne, a sa ta ga kicin da ruwan sha kawai. In ya yi yawa, a yi sabuwar rijiya mai zurfi, a tabbatar mai haƙar ya toshe saman da siminti yadda ruwan gishirin sama ba zai zurara ƙasa ba.

Yawan ruwan: ka ƙaddara lita 200 ga kowane baƙo a rana. Mutum 24, in ka tsaya kan ɗaki 12, lita 4,800, kicin da wanki su ƙara wajen 3,000, ka ce 8,000. A tanadi na kwana biyu, da injin turo ruwa guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jira. Shawa mai zubowa kamar ruwan sama da ake gani a hotuna ba ta aiki da ruwan da ke gangarowa daga tanki kawai, sai da injin ƙara ƙarfi. Ruwan zafi a ajiye shi a digiri 60 na ma'aunin Salshiyas, ƙasa da haka ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a tankin.

Masai shi ne abin da ba a so a faɗa, shi ne kuma ke rufe otal a watan Yuni. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a nan kusa yake. Da damina sokawe na cika da ruwan ƙasa, babu inda ƙazanta za ta tsotse, sai ta dawo ta banɗakunan ƙasa. Sokawen gidan iyali ba zai ɗauki otal ba. A gina tanki mai shafe ciki da waje wanda ruwa ba ya shiga ba ya fita, a haɗa da ƙaramar na'urar sarrafa ƙazanta mai hura iska, a sa tarkon maiƙo a bututun kicin a riƙa kwashe shi duk mako. Tsakaninsa da rijiya a nemi mita 30, a kuma bar hanyar da motar kwasa za ta iso ba ta gaban baƙi ba. Kowane banɗakin sama a shafe daɓensa da maganin hana ruwa har ya hau bango, wurin shawa har sama da kai, a toshe magudana a cika shi da ruwa awa 48 a duba silin ɗin ƙasa, kafin a ɗora tayil ko ɗaya. Mai aikin zai ce ɓata lokaci ne. Ka tsaya a kai, Alhaji.

Wuta ita ce za ta fi cin kuɗinka kowane wata. Esi 12 a kan kilowat 1.2 kusan 15 ke nan. Zaure da wurin karɓar baƙi su ƙara 5. Firji, firiza, injinan ruwa, fitilu da dutsen guga wajen 8 zuwa 10. Idan ka sa wa kowane ɗaki hitarsa mai kilowat 1.5, ka ƙara 18, kuma da asuba duk ake kunna su; shi ya sa tukunyar ruwan zafi ta hasken rana a kan rufi, mai taimakon lantarki, ta fi. Gida cike zai nemi janareta wajen 60 kVA. Amma daren Talata da baƙi biyu, nauyin bai wuce kilowat biyar ko shida ba, injin dizal kuma idan ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa ba ya ƙone mai sosai, sai ka ga baƙin maiƙo na ɗiga daga salansa, injin na lalacewa kana kuma ƙona dizal a banza. Don haka biyu za ka saya, babba da ƙarami mai 20 kVA. Dizal ka ƙaddara kusan lita 0.3 kan kowane kilowat a awa: nauyin kilowat 20 na awa 10 lita 60 ne, wata guda 1,800. Ninka da kuɗin lita na yau ka gani. A canza baƙin mai da matata duk awa 250, a rubuta a littafi kusa da injin.

Sola da batirin litiyam su ɗauki fitilu, soket, intanet, kyamarori, makullan kati da firji, yadda in an ɗauke wuta baƙo ba zai sani ba sai dai esi ya ɗan tsaya. A sa na'urar sauya layi mai aiki da kanta, da makunnin kati a bakin ƙofa mai kashe esi idan baƙo ya fita. Kowace hita da soket na banɗaki su bi ta na'urar katse wuta mai milli-amfiya 30, a kuma binne sandar ƙasa yadda ya kamata. Wannan maganar rai ce. Ɗakin janareta ya koma arewa maso gabashin filin in da hali, domin iskar da ta fi kaɗawa daga kudu maso yamma take zuwa, za ta tafi da hayaƙi da ƙara nesa da ɗakuna.

Sai yanzu muka iso cikin ɗakin. Kuɗi su tafi ga katifa mai kyau, ƙafa shida da shida, kaurin inci 10 zuwa 12, da rigar kariya mai hana ruwa. Filo huɗu, biyu masu tauri biyu masu laushi. Labule mai tare haske gaba ɗaya wanda ya zarce taga ta kowane gefe. Ƙofa mai cikakken katako da roba a gefuna da ƙasa, domin yawancin ƙarar baranda ta ƙarƙashin ƙofa take shiga. Bangon da ke tsakanin ɗakuna ya kai har rufin kankare; idan ya tsaya a silin, ana jin tarin maƙwabci. Kada a sa soket biyu baya da baya a bango ɗaya. Fitila mai ɗumin launi, lamba 2700 zuwa 3000, a wurare uku ko huɗu, da makunni a gefen gado. Farar fitila ɗaya a tsakiyar silin tana mayar da ɗaki mai tsada kamar na asibiti. Raga a kowace taga saboda sauro.

Akwai abin da kai za ka iya yi wanda maƙwabtanka ba za su tuna ba. Alamar alƙibla a silin ko cikin aljihun tebur. Daga Legas tana wajen digiri 63 daga arewa, wato gabas mai karkata arewa, a auna a kowane ɗaki. Tun a zane a kauce wa kafa masai yana fuskantarta ko ba ta baya. Mesar tsarki a gefen kowane masai, buta, famfo na ƙasa-ƙasa da wurin zama don alwala, darduma mai tsabta a naɗe, da ɗan masallaci a harabar. Musulmin Legas, Yarbawa da Hausawa, masu iya biyan kuɗin irin wannan ɗaki suna da yawa, kuma mai zuwa da iyalinsa yana lura da waɗannan.

Ƙawa kuwa ba tarin kaya ba ce. Launi biyu ko uku a duk gidan, farin bango, katako, da abu ɗaya mai jan ido a kowane ɗaki. Adiren Abeokuta ko rinin Ƙofar Mata a firam a saman gado, tabarmar da ake saƙawa a yankin Badagry a matsayin shimfiɗar ƙasa ko kan gado, hotunan masunta da na kwakwa daga mai ɗaukar hoto na garin. Matasan fata irin na Kano suna da kyau, amma a wannan laima suna yin funfuna cikin makonni, sai dai a zaure mai esi kullum. Abu ɗaya nake roƙo: sarƙoƙi da mari na zamanin bauta kada su zama kayan ado a bango. Wasu baƙin naka kuka suke yi a Gberefu, ba za su so su dawo su ci abinci a ƙarƙashin sarƙa ba.

Batun giya. Gaskiya ne mashaya na kawo wa otal riba mai kauri, kuma za ka rasa wasu 'yan ƙarshen mako. Ba zai kashe kasuwar ba idan ka yi abu biyu. Na ɗaya, ka faɗa a fili a duk inda ake kama ɗaki cewa ba a sayarwa, da matsayinka kan wanda ya shigo da tasa. Rigima tana tasowa ne idan mutum ya iso da dare ya tarar da abin da ba a gaya masa ba. Haka dokar cewa ba a ba da ɗaki na awa-awa, kuma kowane mai kwana sai ya nuna katin shaida. Na biyu, ka cike gurbin da abin da zai sa mutum ya zauna a harabar da yamma ya kashe kuɗi: mai suya na gaske daga magariba, gasasshen kifin da aka saya a bakin ruwa da safe, ruwan kwakwa a cikin ƙwaryarsa, zoɓo, kunun aya, lemon citta, shayi mai kayan ƙamshi. Kunun aya ba ya kwana, a yi kaɗan-kaɗan. Jerin abinci kada ya wuce kala 12 zuwa 15, domin dogon jeri a otal mai baƙi biyu ranar Talata firiza yake cikawa da abin da zai lalace. Karin kumallo a haɗa shi cikin kuɗin ɗaki. Ka tuna jihar ta hana robar abinci ta kumfa tun Janairun 2024.

Ma'aikata 12 zuwa 14 za su riƙe gidan: uku a wurin karɓar baƙi don a rufe awa 24, uku masu gyaran ɗaki, uku a kicin, mai wanki, masu gadi, manaja, da mutum ɗaya mai hannu a wuta da famfo da janareta wanda ke kwana a harabar. Wannan na ƙarshe kada a yi masa rowa. A ɗauki 'yan garin, Egun da Yarbawa, a samu mai jin Faransanci ko ɗaya saboda baƙin Benin da Togo. Ɗakin da baƙo ya tashi yana cin minti 35 zuwa 45 in za a gyara shi da kyau, wani daban kuma ya duba kafin a sayar. Zanin gado da tawul farare, saiti uku ga kowane gado: ɗaya a kai, ɗaya a wanki, ɗaya a sito. Da damina shanya ba ta bushewa, injin busarwa dole ne.

Tunda kana Agege, ga inda kuɗi ke zurarewa: ɗakin da aka sayar ba a rubuta ba, dizal, da sito. Makullin kati mai ajiye tarihin buɗewa, a gwada shi da rahoton masu gyaran ɗaki kowace safiya, domin gadon da aka kwanta a kai ba ya ɓoyuwa. A daina karɓar tsabar kuɗi, sai POS ko turawa asusun kamfani. Dizal a auna da sanda safe da yamma a gwada da awannin injin.

A farashi ka tuna akwai harajin VAT kashi 7.5 da harajin jihar Legas na otal da gidajen abinci kashi 5, ka nuna wa baƙo jimlar tun farko. Shafuka irin su Booking.com suna yankar wajen kashi 15, amma su ne hanyar baƙin waje. Wanda ya zo sau ɗaya a karɓi lambarsa ya riƙa kamawa kai tsaye ta WhatsApp. A gaya wa mai tasowa daga cikin Legas ya fito da sassafe saboda cunkoson hanyar Mile 2 zuwa Okokomaiko da Agbara. Ka yi yarjejeniya da ɗan rakiya ɗaya ko biyu masu sanin tarihin garin, da mai kwale-kwale mai rigunan ruwa isassu har da na yara, kuma ba a tsallakawa da baƙonka bayan faɗuwar rana.

Kada ka buɗe a Disamba kai tsaye. Ka kammala aiki yadda gidan zai ga ruwan Yuni da Yuli, ko aƙalla na Satumba, kafin baƙon farko mai biya. A cikin wannan lokaci ka sa 'yan uwa da abokai su cika duk ɗakunan dare biyu, a kunna kowane esi, a buɗe kowace shawa lokaci guda da asuba, a kashe wutar layi da gangan a ga ko janareta zai ɗauka cikin daƙiƙa nawa. Kowa a ba shi takarda ya rubuta abin da ya dame shi. Ka ware kashi 10 zuwa 15 na kuɗin aikin don gyaran abin da wannan gwaji zai tono, da kuɗin tafiyar da gidan na wata shida a asusu daban, sannan ka kira mai ɗaukar hoto.